Cek Ba Kuɗi Ba Ne: Darasi Ga Mai Sayar Da Motarsa

Mota dukiya ce babba. Wani sai ya yi shekara goma yana tari kafin ya mallaki guda ɗaya. Wani gona ya sayar, wani shanu. Ran da bukata ta taso, ko aurar da 'ya, ko ginin gida, ko jinyar mara lafiya, sai ya ce bari ya sayar da ita ya yi abin da ke gabansa. To, a wannan rana ce mutum ke iya rasa wahalar shekara goma cikin sa'a guda.

Yawancin masu mota sun iya ciniki. Sun san tayi, sun san albarka, sun san inda za su sallama. Inda suke faɗuwa shi ne wajen karɓar kuɗi. Saboda haka darasinmu na yau ƙa'ida ɗaya tak zai koya mana. Ga ta: makulli da takardun mota kada su bar hannunka sai kuɗi sun tabbata naka.

Misalin wani direba

Bari mu buga misali da wani direba. Yana da ƙaramar mota, yana so ya sayar ya rufa ɗakunan da ya gina kafin damina. Ya gaya wa dillali. Ran Jumma'a, bayan an sauko daga masallaci, sai ga dillali da wani baƙo. Baƙon nan ya sha babbar riga, yana ƙamshin turare, maganarsa a hankali. Ya zagaya mota, ya buɗe gaba ya duba inji, aka ɗan zaga gari da ita. Direba ya ce naira 4,000,000. Baƙo bai ja ciniki ba, ya ce ya saya.

Sa'an nan ya zaro littafin cek daga aljihu, ya ce, “Malam, ka san zamani. Ba a yawo da kuɗi masu yawa. Ga cek, ran Litinin ka kai banki su ba ka kuɗinka.”

Direba ya yi jim, ya ce, “Ranka ya daɗe, da dai mun bari sai Litinin ɗin.”

Baƙo ya yi murmushi, ya ce, “Haba Malam! Ni ne zan cuce ka? Gobe da asuba zan koma garinmu, ɗaurin aure gare ni. In ba ka yarda da ni ba, sai mu fasa.”

Dillali kuwa la'adarsa yake hange. Ya ja direba gefe, ya ce, “Kai, kada ka yi wa kanka. Wa zai ba ka wannan kuɗi? Alhaji babban mutum ne.”

Kunya ta kama direba. Ya karɓi cek, ya miƙa makulli, ya haɗa da takardun mota duka. Baƙo ya ja mota ya tafi. Ran Litinin direba ya kai cek banki. Ran Talata da yamma aka kira shi, aka ce cek ya dawo, babu kuɗi a asusun. Ya buga wayar baƙo, a kashe. Ya je wurin dillali, dillali ya rantse shi ma ran Alhamis ya fara ganin mutumin a tasha. Ga damina ta matso, ga ɗaki ba rufi, ba mota, ba kuɗi, sai 'yar takarda a hannu.

Ku lura da abu huɗu cikin misalin nan. Baƙo bai ja ciniki ba, domin ba shi da niyyar biya. Ya zo ran Jumma'a da yamma, sa'ad da banki ke shirin rufewa har kwana biyu. Ya nuna yana sauri. Ya kuma sa mai mota jin kunya. Waɗannan huɗu su ne jarin ɗan damfara. In kun gan su tare, ku yi hattara.

Mene ne cek?

Cek wasiƙa ce. Mai ajiya a banki shi ke rubuta ta, yana umurtar bankinsa ya ɗebi kaza daga cikin ajiyarsa ya ba wane. Abu biyar ake rubutawa a jikinsa: kwanan wata, sunan wanda za a biya, yawan kuɗi da kalmomi, yawan kuɗi da lambobi, da sa hannun mai ajiya.

A ce wani ya ba ka takarda zuwa ga mai tsaron rumbunsa, ya rubuta a ba ka dami goma na gero. Takardar nan ba gero ba ce. In ka je ka tarar rumbu cike, ka sami geronka. In ka tarar rumbu wayam, mai tsaro ba zai ɗebo daga rumbun maƙwabci ya ba ka ba. Haka banki yake. Ba ya biyan cek daga kuɗinsa, sai daga abin da mai cek ya ajiye. Mai naira 500 a asusu yana iya rubuta cekin naira 5,000,000, gama alƙalami ba ya gardama. Kyan takarda da tambarin banki ba su nuna akwai kuɗi a bayanta.

Dalilan da ke sa cek ya dawo

1. Babu kuɗi a asusun, ko kuwa akwai amma ba su kai ba.

2. Sa hannun da ke jikin cek bai yi daidai da wanda banki ya ajiye ba. Wani da gangan yake karkata hannunsa.

3. Abin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi, ko an goge wani wuri an gyara.

4. Mai cek ya hana biya. Yana da ikon gaya wa bankinsa kada a biya cek mai lamba kaza, muddin ba a riga an biya ba. Yana iya yin haka tun motarka ba ta fita unguwa ba.

5. Littafin cek ɗin na sata ne, ko jabu ne, ko an daɗe da rufe asusun.

6. Kwanan watan bai zo ba tukuna, ko ya wuce da nisa. Cek mai kwanan wata na gaba ba a biyansa sai ranar ta zo. Wanda ya wuce wata 6 kuma ya tsufa, banki ba ya karɓa.

7. Kuɗin sun yi yawa. Tun shekarar 2010 Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade cewa cek guda da ya wuce naira 10,000,000 ba ya wucewa tsakanin banki da banki.

Cikin bakwai ɗin nan, kaɗan ne ido ke iya ganewa a tsaye a ƙofar gida. Wanda ya iya karatu zai duba kwanan wata, ya gwada kalmomi da lambobi, ya ga ko sunansa aka rubuta daidai. Wannan amfani ne babba. Amma ko malamin malamai ba ya iya duban cek ya san abin da ke cikin asusun mai shi. Banki kaɗai ya sani.

Kwana nawa cek ke yi kafin ya zama kuɗi?

In ka zuba cekin wani banki a asusunka, bankinka ba ya ba ka kuɗi nan take. Sai ya aika wa bankin mai cek ya tambaya tukuna. Da can takardar kanta ake ɗauka a kai, har cekin wani gari yakan yi makonni a hanya. A shekarar 2012 aka fara aika hoton cek ta na'ura a Legas, a 2013 kuma aka game ƙasa duka. Duk da haka, cek ba ya zama kuɗi sai ranar aiki ta gaba, a ƙalla. Asabar da Lahadi ba a lissafa su, haka ranakun hutu, kamar na Salla da na Kirsimeti. Cekin da aka ba ka Jumma'a da yamma, sai Litinin za ka zuba, sai Talata ka san matsayinka. Kwana huɗu ke nan. Mota kuwa cikin kwana huɗu tana iya ƙetare jiha uku, a sake mata fenti da lamba, ko a sayar wa wani, ko a kwance ta a sayar da kayanta ɗai ɗai.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata kowa ya sani. Banki yakan nuna lissafi iri biyu a asusu. Na ɗaya, kuɗin da aka rubuta sun shigo. Na biyu, kuɗin da kake iya cira yanzu. Cek da aka zuba yana iya bayyana a lissafi na ɗaya tun bai shiga na biyu ba. Ɗan damfara yakan karɓi lambar asusunka, ya je da kansa ya zuba cekin banza, sa'an nan ya ce maka, “Duba, kuɗi sun shiga.” In cek ya dawo, banki ya share abin da ya rubuta, ka koma inda kake. Saboda haka tambayar da za ka yi wa ma'aikacin banki ita ce: “Nawa zan iya cira yanzu?” Abin da ba ka iya cira, ba naka ba ne tukuna.

Saƙon waya da daraf

Yanzu yawancin ciniki da tura kuɗi ake yi. Tun shekarar 2011 aka fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Nijeriya, kuma hanya ce mai kyau. Amma ita ma an yi mata jabu. Akwai masu aiko da saƙon ƙarya a waya, mai kama da na banki, har da sunan bankin da yawan kuɗin. Shi mutane ke kira alat na bogi. Wani kuma a wayarsa zai nuna maka rasit, ya ce ya tura, matsalar sabis ce ta hana su iso. Saƙo ba kuɗi ba ne, rasit ɗin da ke wayar wani kuma ba shaida ba ne. Ka duba asusunka da kanka, a wayarka, ko a na'urar cirar kuɗi, ko a cikin banki. In ba ka iya ba, ka tafi da ɗanka ko ƙanenka wanda ya iya. Kada ka miƙa wa mai saye wayarka ya duba maka.

Akwai kuma takardar da banki da kansa ke rubutawa bayan ya karɓi kuɗin mutum, ana ce da ita daraf. Ta fi cek ƙarfi, gama kuɗinta suna hannun banki. Amma ana buga na jabu masu kyan gani. In an kawo maka daraf, ka yi masa yadda za ka yi wa cek: ka zuba, ka jira, sai banki ya ce kana iya cira. Kada ka buga lambar wayar da mai saye ya ba ka wai ta manajan banki ce. Mai amsawa yana iya zama abokinsa.

Wata dabara kuma, sai a rubuta maka cek fiye da kuɗin mota. Mota naira 4,000,000, a rubuta 4,500,000, a ce kuskure ne, ka mayar da 500,000 a hannu. Wanda ya yarda ya yi asara biyu, ga mota ga tsabar kuɗinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da doka ta ce

A shekarar 1977 aka kafa doka a Nijeriya a kan masu ba da cek alhali babu kuɗi. Dokar ta ce wanda ya karɓi kaya da irin wannan cek ya yi laifi. In an tabbatar a gaban Babbar Kotu, hukuncinsa ɗaurin shekara 2, ba zaɓin tara. Amma da sharaɗi: sai an kai cek banki cikin wata 3 daga kwanan watan da ke jikinsa. Wanda ya ajiye cek a ƙarƙashin katifa yana jiran alkawari har wata uku suka wuce, ya raunana ƙararsa da hannunsa. Har wa yau, wanda ake tuhuma yana iya kuɓuta in ya nuna yana da dalili mai ƙarfi na zaton za a biya cek ɗin sa'ad da ya rubuta.

In abin ya riga ya faru, kada ka yaga cek don fushi, kada kuma ka mayar wa mai shi. Ka karɓo shi daga banki tare da shaidar dalilin da ya sa ya dawo. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda da wuri, da lambar mota da lambar inji. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ita ma tana binciken laifin zamba irin wannan.

Amma ku gane, doka tana hukunta wanda aka kama ne. Wanda ya ba da sunan ƙarya ya ɓace, sai an same shi tukuna. Ko an same shi an ɗaure, ɗaurinsa ba ya rufa maka ɗaki. Shari'a tana cin lokaci, tana cin kuɗin mota da na lauya. Ga kuma wani abu: a doka, mai sayarwa da ba a biya ba yana da ikon riƙe kayansa har a biya shi. Ran da ya miƙa kaya da yardarsa, wannan iko ya fita hannunsa. In kuma mai sayen ya riga ya sayar wa wani wanda bai san komai ba, karɓo motar sai an sha wuya, wani lokaci ma ba ta karɓuwa. Rigakafi ya fi magani.

Sayarwa bashi, ko biya kaɗan kaɗan

Ba kullum ɗan damfara ke jawo asara ba. Sau da yawa na gida ne: aboki, ko suruki, ko maƙwabci. Ya ce, “Ba ni motar, ga rabi, sauran in an girbe,” ko “in an biya mu kuɗin kwangila.” Zuciyarsa ɗaya, yana da niyyar biya. Amma niyya ba ta hana fari, ba ta sa a biya kwangila kan kari. Ga hatsarin da ke cikin wannan.

Na ɗaya, mota tana lalacewa. In ta yi wata uku a hannunsa inji ya buga, sai ya ce da ma ka sayar masa da mara lafiya, ba zai cika ba. Ko ya dawo maka da ita a jaye, ya ce ka ba shi kuɗinsa.

Na biyu, mota tana karo, ana kuma sace ta. Biyan bashin abin da ya riga ya halaka yana da nauyi ga kowa.

Na uku, mutuwa tana zuwa ba sallama. In mai saye ya rasu babu rubutu, magada suna iya cewa ba su san zancen ba. In mai sayarwa ne ya rasu, marayunsa ba su da abin nunawa.

Na huɗu, darajar kuɗi tana raguwa. A shekarar 2024 tsadar kaya a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara guda. Watau abin da naira 1,000,000 ta saya a farkon irin wannan shekara, sai an ba da wajen 1,300,000 a ƙarshenta. Wanda ya jira shekara kafin a cika masa, ko an biya shi cif, kwanon rufin da zai saya ya ragu.

Na biyar, muddin ba a sauya suna ba, a littafin hukuma motar taka ce. In ta kaɗe mutum direba ya gudu, ko aka ɗauki kayan laifi da ita, lambarta za a bi, ƙofar gidanka kuma za a fara ƙwanƙwasawa.

Na shida, zumunci yana ɓaci. Yau ka je tambaya a ce ba ya nan, gobe a ce yana barci, jibi ku daina gaisawa. Da ka ce a'a tun farko, da fushin kwana biyu ne kawai.

Hanya mafi lafiya ga wanda kuɗinsa ba su cika ba ita ce ya ba da kafin alƙalami, a rubuta masa rasit, mota ta zauna a gidanka har ranar da ya cika. A rubuta ranar, a kuma rubuta abin da za a yi da kafin alƙalamin in ya fasa.

In kuwa lalle sai ka ba da bashi, to, ka ba wanda ka san gidansa da sana'arsa, ka kuma yi abu huɗu. Ka karɓi fiye da rabi a hannu. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, da ranar kowane biya. A sami mai tsaya masa, mutum mai abin hannu, wanda zai sa hannu cewa in bai biya ba shi zai biya, ko kuwa a ba ka jingina. Ka riƙe takardun asali na mota, a kuma rubuta cewa mota ba ta zama tasa ba sai ya gama biya. In kuɗin da yawa, kuɗin da za ka ba lauya ya tsara takardar ba asara ba ne. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka ba abin kunya ba ne ka ce wa ɗan'uwanka a rubuta.

Yadda za a yi ciniki lafiya

1. Ka san mai saye. Ka ga katin shaidarsa mai hoto, ka rubuta sunansa da inda yake zaune. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

2. Wajen gwada mota, ka shiga tare da shi, da wani naka. Kada ka ba baƙo makulli ya zaga shi kaɗai. Hoton takardu za ka nuna, na asali suna gida.

3. A yi biya ranar aiki, da safe, a cikin banki. Ku tafi tare. Ya tura kuɗi daga asusunsa zuwa naka, ma'aikacin banki ya tabbatar maka kana iya cira. Ka lura sunan mai asusun da ya turo ya zama shi ne sunan mai saye. In kuɗin sata aka turo maka daga asusun wani, ana iya rufe naka asusun har a gama bincike.

4. In tsabar kuɗi ne, a ƙirga a banki, a zuba a asusunka nan take. Injin banki yana gane jabu, ka kuma huta da kwana da kuɗi a gida. Ku sani kuma, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira 5,000,000 in ba ta hanyar banki ba.

5. In mai saye ya nace sai cek, ka karɓa, ka ba shi rasit cewa ka karɓi cek mai lamba kaza, ba kuɗi ba. Mota ta kwana a gidanka har cek ya zama kuɗi.

6. Bayan kuɗi sun tabbata, a rubuta takardar ciniki kofi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Sa'an nan ka miƙa makulli da takardu. Ku je ofishin lasin a sauya suna, ka ajiye hoton kome.

7. La'adar dillali a ƙarshe ake biya, bayan kuɗi sun shiga. Dillalin da ya san haka, shi zai fi ka sa ido.

Wani zai ce, “In na tsananta haka, ai mai saye sai ya gudu.” To, ya gudu mana. Mai saye na gaskiya, wanda kuɗinsa ke ajiye, jiran kwana biyu ba ya rage shi da kome. Wanda ya ce lalle sai yau, bai iya jiran banki ba, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Ka ce masa cikin ladabi, “Alhaji, ba ƙin yarda ba ne. Haka nake ciniki da kowa, ko da wana ne uwa ɗaya uba ɗaya.” Kunyar mara kunya asara ce. Gara ka sayar da rangwame a biya ka lakadan, da ka sayar da tsada a kan alkawari. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Samfurin takardar ciniki

Ni, .........., mazaunin .........., na sayar da motata ƙirar .........., mai lamba .........., lambar inji .........., ga .........., mazaunin .........., a kan kuɗi naira .......... Na karɓi kuɗina duka ta banki ran .......... ga watan .........., shekarar .......... Na miƙa masa mota da takardunta da ƙarfe .......... na wannan rana. Daga wannan lokaci duk abin da ya sami motar, ko aka yi da ita, yana wuyansa.

Sa hannun mai sayarwa ..........
Sa hannun mai saye ..........
Shaida na ɗaya ..........
Shaida na biyu ..........

Kada ka sa hannu, ko ka dangwala yatsa, a kan takardar da ta ce ka karɓi kuɗi duka alhali cek ne a hannunka. Abin da ka sa wa hannu shi alƙali zai karanta.

Tambayoyi

1. Mene ne cek? Wa ke biyansa, daga kuɗin wa?
2. Faɗi abu biyar da ake rubutawa a jikin cek.
3. Kawo dalili huɗu da ke sa cek ya dawo.
4. Don me baƙon nan ya zo ran Jumma'a da yamma?
5. Wace tambaya za ka yi wa ma'aikacin banki kafin ka miƙa makulli?
6. Cikin wata nawa ya kamata a kai cek banki, bisa dokar 1977?
7. In ɗan'uwanka ya nemi ka sayar masa da mota bashi, wane abu huɗu za ka yi?

Lissafi

An sayar da mota naira 4,000,000. Mai saye ya biya 2,500,000 a hannu. Sauran zai biya cikin wata 6, kowane wata daidai da ɗan'uwansa. Nawa ya rage? Nawa zai riƙa biya kowane wata? In ya biya wata 2 ya tsaya, nawa ake binsa?

Aikin rubutu

Kowa ya kwafi samfurin takardar ciniki a littafinsa, ya cike guraben da sunansa da na maƙwabcinsa a aji. Sa'an nan ya rubuta wannan jimla sau uku, ya kuma karanta wa mutanen gidansa: Kuɗi tukuna, sa'an nan makulli.